Idan Sabuwar Fitila Ta Rikita Wutar Mota

Duk wanda ya saba tuƙin dare a hanyoyinmu ba sai an gaya masa abin da ke sa mai mota ya ƙara fitila ba. Titi babu haske, ga ramuka, ga dabbobi na tsallakawa, ga tirelar da ta mace a tsakiyar hanya ba ta da wata alama sai ganyen da aka zuba a bayanta. Yawancin motocin da muke hawa kuma sun sha jiki kafin su iso hannunmu, gilashin fitilunsu ya riga ya dushe. Shi ya sa kasuwar fitilu ke ci a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna: ƙwan LED mai farin haske, doguwar fitilar nan da ake ɗaurawa a gaban mota, fitilun hazo, da igiyoyin ado masu launi da 'yan A Daidaita Sahu ke so. Ranar da aka saka, kowa sai sam barka. Bayan kwana biyu mota ta soma abin da ba ta saba ba. Sigina na ƙyaftawa da sauri, rediyo na shuu, fiyus na ƙonewa, ko a wayi gari batir ya kwanta.

Motar da take lafiya lau kafin a taɓa ta, in ta rikice bayan an saka fitila, laifin yana wurin da hannu ya taɓa na ƙarshe. Maganar kamar ba ta kai a faɗa ba, amma nan ne aka fi yin asara. Mai mota zai sayi sabon batir, a canja masa altanato, har wani ya ce ai ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, alhali babu wanda ya leƙa wayar da aka jona makon jiya. Gwajin farko ba ya cin ko sisi: a zare sabuwar fitila gaba ɗaya, a mayar da tsohon ƙwan, a ga ko matsalar za ta tafi. In ta tafi, an san inda za a nema. Saboda haka kada a bar tsofaffin ƙwayayen fitila a gareji, a sa su a leda a ajiye cikin mota.

Daga nan sai ɗan lissafi, wanda duk mai gyaran wuta ya kamata ya iya shi da ka. Ƙaramar mota tana aiki da volt 12. In ka raba wat ɗin da aka rubuta a jikin fitila da 12, za ka sami yawan wutar da take ja, wato amp. Ƙwan halojin na asali mai wat 55 yana jan kusan amp 4.6. Doguwar fitila mai wat 120 tana jan amp 10, mai wat 240 kuma amp 20. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna kaurin kowace waya da girman kowane fiyus daidai da kayan da ya ɗora musu. Wayar ƙaramar fitilar gefe, wadda aka yi don ƙwan wat 5, ba ta da ƙarfin ɗaukar amp 10, kuma ita ce ta fi sauƙin samu ga mai gaggawa, sai ya fere ta ya jona. Haka ma masu saka ƙwan wat 100 a gurbin mai 55: haske ya ƙaru, amma soket ɗin roba zai yi baƙi ya narke, wata rana fitilar ta ɗauke ana tsakiyar gudu.

Fiyus ɗin da ke ƙonewa aikinsa yake yi. An sa shi ne ya mutu kafin waya ta kama wuta. Launinsa na nuna girmansa: ja amp 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Yadda yake ƙonewa ma labari ne. In ana sakawa ya yi tas nan take, to wayar wuta ta taɓa ƙarfen mota a wani wuri, a bi ta a duba inda ta ratsa rami a jikin ƙarfe ba tare da robar kariya ba, ko inda ta kwanta kusa da salansa ta narke. In kuwa sai ya yi minti goma ko ashirin yana aiki sannan ya yanke, kaya ne suka yi masa yawa. A irin wannan hali za ka ji yaron gareji ya ce, "Alhaji, bari a sa masa kore, ba zai ƙara ba." Amsar da ta dace ita ce, "A'a, ɗan samari, mayar da jan, mu nemo abin da ke cinye shi." Wanda ya cire mai 10 ya sa mai 30, ko ya naɗa zaren waya ko takardar gwangwanin sigari a gurbinsa, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Fiyus ba zai ƙara ƙonewa ba, gaskiya ne, waya ce za ta ƙone a madadinsa, a ƙarƙashin dashbod, inda ba a gani sai hayaƙi ya tashi.

Hanyar da ta dace ga duk fitilar da ke jan wuta mai yawa ita ce a ba ta layinta daga kan batir, da fiyus nata kusa da batir ɗin, da rile. Rile ɗan akwati ne da ƙaramar wuta ke amfani da shi ta kunna babba. A ƙasansa akwai lambobi, bisa tsarin Jamusawa: 30 yana karɓar wuta daga batir, 87 yana kai ta ga fitila, 85 da 86 kuma su ne na makunni. Ta haka makunnin cikin mota ba ya ɗaukar nauyin komai sai ɗan abin da zai motsa rile. Gwajinsa ba wuya. A kunna, a saurara. In ya yi ƙas amma fitila ba ta kama ba, a sa fitilar gwaji a 30 da 87. In bai yi ƙara ba sam, matsalar tana ɓangaren makunni. Akwai wani tarko a nan da ke kama har ƙwararru: wasu motocin Toyota, musamman tsofaffin Hilux da Land Cruiser, makunnin fitilarsu negatif yake yankewa, wuta kuwa tana nan zaune a soket. Wanda ya jona rile a kansu da tunanin sauran motoci zai ga fitila ta ƙi mutuwa, ko ta kama a lokacin da bai kamata ba.

Ita kanta wayar sai an lura. Kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka yi wa fentin jan ƙarfe. In ka kankare zarenta da wuƙa ka ga fari a ciki, ita ce. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana zafi, tana karyewa a wurin haɗi.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe a kai shi ne negatif. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo, kuma a mota hanyar dawowarta ita ce ƙarfen jikin motar. Kowace fitila tana da wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe da noti. In aka ɗaure ta a kan fenti, ko kan tsatsa, ko aka sa ɗan sukurun da ke kama roba, hanyar dawowa ta toshe. Sai wutar ta yi abin da ruwan sama ke yi in kwata ta cushe, ta bi ta gidan maƙwabta. Daga nan ne ake ganin abubuwan da ke sa mutum ya zaci motar ta haukace: ka taka birki fitilun dashbod su kama, ka kunna sigina fitilar baya ta riƙa dushewa tare da ita, ka kunna babbar fitila allurar zafin inji ta ɗaga. Fitilar baya ta fi yin haka domin a motoci da yawa ƙwanta ɗaya ne mai zare biyu, wat 21 na birki da wat 5 na dare, kuma negatif ɗinsu ɗaya. In ya lalace, wutar birki sai ta koma ta zaren dare ta shiga layin ƙananan fitilu.

Ido ba ya gane mummunan negatif, domin noti na iya zama daram alhali ƙarƙashinsa tsatsa ce. Mitar awon wuta ce ke ganewa, kuma sai fitila na kunne. A sa mita a kan volt, baƙin tsinke a kan negatif na batir, jan tsinke a kan wayar negatif ta fitilar. In haɗin na da kyau za a ga abin da bai wuce 0.1 ko 0.2 ba. In aka ga rabin volt ko fiye, nan ne wutar ke maƙalewa. A kwance notin, a goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a mayar a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a kai saboda damina. Aikin minti biyar ne, amma ya ceci altanato da yawa daga canjin da ba su ci ba ba su sha ba.

Ƙwan LED kuma nasa rikicin daban ne, domin shi wutar da yake ja ce ta yi kaɗan. Ƙwan sigina na asali wat 21 ne, kuma an tsara abin da ke ƙyafta shi yadda in ƙwai ɗaya ya mutu zai ninka sauri don direba ya sani. LED na jan wuta kaɗan ƙwarai, sai motar ta ɗauka ƙwan ya mutu, ta shiga ƙyaftawa da sauri. Ba abin da ya lalace. Magani biyu ne: a canja rilen sigina zuwa wanda aka yi don LED, in motar tana da shi a ware, ko a jona wa kowane ƙwai resista, galibi mai om 6 da wat 50. Na farko ya fi. Resistar nan tana zafi sosai, har ta ƙona yatsa, don haka a jikin ƙarfe ake ɗaure ta, nesa da roba da sauran wayoyi. Wanda ya naɗe ta da baƙin salatif ya cusa bayan kafet ɗin but ya ajiye wa kansa gobara.

Motocin Turai irin su Mercedes da BMW da Volkswagen sun fi tsanani, domin kwamfutarsu na auna kowace fitila. In ta ga wutar ba ta kai yadda ta sani ba, sai ta kunna alamar gargaɗi a dashbod, wani lokaci ta yanke layin gaba ɗaya. Wasu kuma suna aika wutar ne a gutsure, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Zaren halojin ba ya nuna hakan domin bai kai ga hucewa ba wata ta iso, LED kuwa nan take yake amsawa, sai a ga yana rawa. Irin waɗannan motoci suna buƙatar ƙwan da aka rubuta CANbus a kwalinsa, ko ɗan akwatin da ake sawa tsakanin soket da ƙwai. Sannan LED yana da gaba da baya: in an saka bai kama ba, a juya shi kafin a ce ya mutu. Mai fitilar HID kuwa ya kiyaye hannunsa, akwatinta na tayar da wuta sama da volt 20,000 a lokacin kunnawa.

In rediyo ya fara shuu da zarar an kunna fitila, ko rimot ɗin ƙofa ya daina ji daga nesa, ƙwan ne mai araha, na'urar cikinsa ke watsa hayaniya. A raba wayarsa da ta eriya, in bai daina ba a canja shi. In kuma hasken na raguwa bayan an ɗan yi tafiya, a duba 'yar fankar da ke bayan ƙwan. Ƙurar hunturu na cushe ta, ƙwan ya yi zafi ya rage haske, musamman in an jefar da murfin bayan fitila don ƙwan ya sami wurin shiga. A babura da dama kuma fitilar gaba daga inji take shan wuta kai tsaye, shi ya sa LED ke rawa in an sassauta totur.

Saura batir mai kwanciya da dare. Kafin a zarge shi, a auna. Cikakken batir da ya huta yana nuna volt 12.6. In inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. A kunna duk fitilu a sake dubawa: in ya faɗo ƙasa da 13 kuma bai tashi ba ko an ɗan ba da wuta, altanato ba ya iya ciyar da kayan da aka ɗora masa, batir ne ke cikasawa daga aljihunsa. In caji lafiya yake, to akwai mai sata bayan an kashe mota. A zare makulli, a rufe ƙofofi, a cire kan batir na negatif, a sa mita a kan amp tsakanin kan da batir, a jira kamar rabin awa kwamfutocin motar su yi barci. Kada a tayar da inji mita na haɗe haka. Lafiyayyar mota ba ta cika wuce amp 0.05 ba. In an ga fiye, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, a fara da na sabon aikin, har lambar ta faɗi. Sau da yawa za a tarar an jona makunnin rile ko fitilun ado a layin da ke da wuta dare da rana, maimakon wanda sai an murɗa makulli. Igiyar ado mai jan amp 2 in ta kwana awa 12 ta kwashe amp-awa 24 daga batir mai amp-awa 60, kuma tsohon batir ba zai tayar da inji da abin da ya rage ba.

In an gano wurin, a gyara shi gyaran gaske. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba ta jure zafin inji da girgizar hanyoyinmu, gam ɗin zai saki, zaren ya fito. A matse haɗin da kan waya na ƙarfe ko a yi masa dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, a ɗaure wayar kada ta riƙa lilo. Kafin a taɓa kowace waya a cire negatif na batir. Wayoyi da soket masu ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin sitiyari da kujeru na jakar iska ne, ba a sa musu fitilar gwaji, ba a jona komai a kansu. In kuwa ana cikin tafiya aka ji warin roba na ƙonewa, a tsaya a gefe nan take, a kashe mota, a cire kan batir, kuma kada a mayar sai an ga wayar da ta narke.