Gyaran Ƙashin Baya da Hannu: Amfaninsa da Haɗarinsa

Gabatarwa

Ciwon baya yana daga cikin cututtukan da suka fi addabar ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu. Daga cikin hanyoyin neman sauƙinsa akwai wadda ta samo asali a Amurka, ana kiranta kairofiraktik, kalmar Girkanci mai nufin aiki da hannu. Mai wannan sana'a yakan kwantar da majinyaci, ya danna ko ya murɗa gaɓoɓin ƙashin bayansa da sauri har a ji ƙas. Aikinsa daban ne da na maɗori, domin maɗori karaya da gocewar ƙashi yake ɗaurewa, shi kuwa ƙashin da bai karye ba yake motsawa.

Asalin Sana'ar

Wani haifaffen Kanada mai suna Daniel David Palmer ne ya kafa ta a garin Davenport na jihar Iowa a shekarar 1895. Palmer ba likita ba ne. Ya yi da'awar cewa ya danna bayan wani mai shara, Harvey Lillard, wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. Daga nan ya ɗauka cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka gocewar ƙasusuwan baya ce ke haddasa su, wai don tana matse jijiyoyi. Ya buɗe makaranta a 1897, sa'an nan a 1906 aka ɗaure shi saboda yin aikin likita ba tare da lasisi ba. Duk da haka sana'ar ta yaɗu, har gwamnatoci suka tsara mata dokoki, kamar yadda Birtaniya ta yi a 1994.

Abin da Ilimin Halittu Ya Nuna

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun manne a ƙasa. Laka tana bi ta tsakiyarsu, kuma jijiyoyi 31 ke fita daga gare ta a kowane ɓangare, suna kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. To amma jijiyar ji daga cikin kunne take shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, ba ta ratsa ƙashin baya, saboda haka labarin Lillard bai dace da tsarin jiki ba. Haka nan an san musabbabin cututtuka da yawa: zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka ƙwayoyin cuta ke kawo su, sikila kuwa gado ce. A 2010 hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya ta bayyana da kanta cewa babu binciken da ya tabbatar da cewa irin gocewar da Palmer ya faɗa tana haddasa cuta.

Ƙarar da ake ji kuma ba alamar ƙashi ya koma mazauninsa ba ce. A cikin gaɓa akwai ruwa mai santsi. Idan aka ja gaɓar da sauri sai kumfar iska ta samu a cikinsa. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton hakan a gaɓoɓin yatsa a 2015.

Amfaninsa

Wannan bai sa aikin ya zama banza ba. Bincike ya nuna cewa yana rage ciwon ƙugu irin na yau da kullum, wato wanda ba wata babbar cuta ce ta kawo shi ba. Sai dai sauƙin matsakaici ne, bai kuma fi wanda ake samu ta motsa jiki ko gashin ƙashi a asibiti ba. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Cututtukan Ciki ta Amurka ta sa shi cikin hanyoyin da za a fara gwadawa kafin a sha magani, tare da tausa da ɗumama wurin. Ya kamata a lura cewa yawancin sabon ciwon baya yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni, don haka sau da yawa ana yaba wa hannun mai gyara alhali jiki ne ya yi aikinsa. Game da asma, hawan jini da ciwon cikin jarirai kuwa, babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa yana warkar da su.

Haɗarinsa

Mutane da yawa sukan ji tsamin jiki ko ciwon kai bayan an yi musu, amma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Babban abin tsoro yana wuya. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke ratsa ramukan ƙasusuwan wuya suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Murɗa wuya da ƙarfi na iya yaga bangon ɗayarsu, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ya toshe hanya, a sami shanyewar ɓarin jiki ko ma mutuwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma masana sun yi saɓani a kansa. Wani bincike a lardin Ontario na Kanada a 2008 ya nuna cewa wasu majinyata ciwon wuyan da ya kai su wurin mai gyara shi ne ma alamar farko ta yagewar. Duk da haka Ƙungiyar Masana Zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa a sanar da majinyaci wannan haɗari kafin a taɓa wuyansa.

Haɗari na biyu shi ne jinkirta magani. Tarin fuka da ciwon daji sukan kama ƙashin baya su raunana shi, kuma da ciwon baya suke farawa. Danna irin wannan ƙashi, ko na tsoho da ya yi rauni, na iya karya shi ya ji wa laka rauni. Jarirai ma ƙasusuwansu ba su yi ƙwari ba. Shi ya sa a 2019 hukumar sana'ar a Ostareliya ta dakatar da yi wa 'yan ƙasa da shekara 2, ta kuma sabunta hanin a 2024.

Kammalawa

Duk wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko kuma ya biyo bayan faɗuwa, to likita ya kamata ya fara gani ba da ɓata lokaci ba. Wanda aka duba aka tabbatar ciwonsa na yau da kullum ne yana iya gwada gyaran a hannun mai horo da lasisi, yana kuma da ikon cewa kada a murɗa masa wuya. Idan mai gyara ya ce hannunsa na warkar da kowace cuta, ko ya hana shan maganin da likita ya rubuta, sai a guje shi, domin ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba.