Mota ba makulli, ba takardar mallaka: yadda ake ba da ita sadaka a Amurka da Faransa

A unguwar Bronx ta birnin New York, inda ƴan zangon Ghana suke da yawa, ko a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suka daɗe da zama, ba wuya a ga tsohuwar mota ajiye a bayan gida ta yi ƙura. Wata mai ita ya koma gida bai dawo ba. Wata kuɗin gyaranta ya fi kuɗinta. Wata kuma mai ita Allah Ya yi masa rasuwa, iyalinsa sun rasa yadda za su yi da ita. Ana cikin haka makulli ya ɓata, takardu kuma ba wanda ya san inda aka ajiye su.

Barin irin wannan mota ba kyauta ba ne. Inshora na ci gaba da cin kuɗi, takardun tara na taruwa idan a bakin titi take, kuma ranar da hukuma ta aiko janwe ya ɗauke ta, kuɗin ja da na ajiya a kan mai ita za su faɗa. Shi ya sa wasu ke zaɓar su ba wa ƙungiyar agaji ko masallaci, su huta, su kuma samu lada. To amma ana karɓar mota ba makulli ba takarda? Amsar a taƙaice: rashin makulli ƙaramar matsala ce, rashin takardar mallaka kuwa sai an gyara shi kafin komai.

Wace takarda ake magana a kai?

A Amurka mota tana da takardu iri biyu da mutane ke yawan haɗawa. Akwai rajista, wadda ke ba motar izinin hawa titi, ana kuma sabunta ta lokaci-lokaci. Akwai kuma takardar mallaka, wadda Amurkawa ke kira taitil. Ita ce ke nuna wane ne mai motar a idon doka. A jikinta ake rubuta sunan mai mota, da lambar shaidar motar mai haruffa da alƙaluma 17, wadda aka daidaita tsarinta tun 1981, da kuma sunan banki idan da bashi aka saye ta.

Ba gwamnatin tarayya ke ba da wannan takarda ba. Kowace jiha da ofishinta na harkar motoci, wanda a jihohi da dama ake kira DMV, kuma kowace da ƙa'idojinta. Abin da ya halatta a Texas ba lalle ne ya halatta a New York ba.

Dalilin da ƙungiyoyin agaji ke nacewa a kan takardar a fili yake. Yawancinsu ba hawa motar za su yi ba, gwanjo za su kai ta su sayar su karɓi kuɗi. Wanda ya saya kuwa ba zai iya mayar da ita sunansa ba sai da sa hannun mai ita na farko. Motar da ba ta da takarda tana iya zama ta sata, ko wadda banki ke bin bashi a kanta, kuma babu ƙungiyar da ke son ɗaukar wannan nauyi.

Idan takardar ta ɓata

Hanya mafi sauƙi ita ce neman madadinta a jihar da ta ba da ta farko, ba jihar da mutum yake zaune yanzu ba. Wanda sunansa ke jikin takardar shi ke nema, da katin shaidarsa da lambar motar. A New York fom MV-902 ake cikewa. A Kalifoniya fom REG 227 ne. A Karolina ta Arewa fom MVR-4 ne, sai an sa masa hannu a gaban jami'in tabbatar da sa hannu, kuma doka ta sa a jira kwana 15 kafin a fitar da sabuwar takardar. Da zarar madadin ya fito, tsohuwar ta mutu. Ko an gan ta daga baya ba ta da amfani.

Idan da bashin banki aka sayi motar, sai an karɓi wasiƙa daga bankin cewa an gama biya. Matuƙar akwai sauran bashi, ba a iya kyautar da motar, domin bankin yana da haƙƙi a kanta.

Akwai motocin da tsufansu ya fitar da su daga wannan ƙa'ida. A New York, misali, motocin ƙirar 1972 zuwa baya ba su da takardar mallaka, da takardar rajista ake sauya musu mai su.

Wanda ya koma Yamai ko Kumasi ko Garwa ya bar motarsa, ba sai ya sake hawa jirgi ba. Yana iya rubuta takardar wakilci ga wanda ya amince da shi, a tabbatar da sa hannunsa a ofishin jakadancin Amurka, sai wakilin ya yi komai a madadinsa. Kafin a rubuta, a tambayi ofishin motocin jihar irin takardar wakilcin da yake karɓa, domin jihohi da dama suna da nasu fom.

Idan motar ba da sunanka take ba

A nan mutanenmu suka fi shiga matsala. An saba a sayi mota hannu da hannu a wurin ɗan uwa, a biya kuɗi, a karɓi makulli, a ce maganar takarda sai daga baya. Shekaru su wuce, wanda ya sayar ya bar gari. A wurin hukuma har yanzu motar tasa ce.

Idan ana iya samunsa, shi zai nemi madadin takardar ya sa hannu. Idan ya ɓace, wasu jihohi suna ba da takardar mallaka mai jingina. A Texas mutum kan sayi takardar lamuni daga kamfanin inshora, wadda darajarta ta kai kuɗin motar sau ɗaya da rabi, ta zauna shekara uku, domin idan mai motar na gaskiya ya bayyana a biya shi. Ba kowace jiha ke yin wannan ba, kuma ga motar da ba ta wuce ɗaruruwan daloli ba, wahalar kan fi amfanin yawa.

Motar da wani ya bari a filinka ya tafi, ba ta zama taka ba komai daɗewarta. Hukuma ake sanarwa ta bi dokar motocin da aka yi watsi da su. Wanda ya sa hannu da sunan wani don a gama da wuri, laifin jabun sa hannu ya aikata.

Motar mamaci

Motar wanda ya rasu dukiyar gado ce. A Musulunci sai an biya bashin mamaci, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan abin da ya rage ya zama na magada. Ɗa ko ƙane ba shi da ikon ba da motar sadaka shi kaɗai, ko da niyyar ladan ya kai ga mamacin, sai sauran magada sun yarda. Idan akwai marayu ƙanana a cikinsu, ba a kyautar da rabonsu.

Dokar Amurka ma tana buƙatar shaida: takardar rasuwa, da takardar kotu da ta naɗa mai kula da gadon. Jihohi da dama sun tanadi gajeriyar hanya ta takardar rantsuwa ga mata ko miji ko ƴaƴan mamaci idan motar ba mai tsada ba ce.

Maganar makulli

Ƙungiyoyi da yawa suna karɓar mota ba makulli, domin dama da janwe ake ɗaukar yawancin motocin sadaka. Abin da ake so shi ne a faɗa musu tun farko. Idan ba makulli, sitiyari na iya kasancewa a kulle, giya kuma ba ta fita daga mazauninta, don haka sai an turo motar ɗaukar kaya mai shimfiɗaɗɗen baya ta jawo ta sama. A kuma faɗa idan tayoyi sun sace ko motar tana cikin lungun da babbar mota ba ta shiga.

Rashin makulli na rage kuɗin motar a gwanjo, tunda mai saye ba zai iya tada injin ya ji lafiyarsa ba. Dillalin kamfanin motar ko maƙerin makulli na iya yanka sabo daga lambar motar, amma shi ma sai ya ga shaidar mallaka. Ka ga ke nan takardar ce gaba. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 da yawansu makullinsu na ɗauke da ƴar na'urar da sai an haɗa ta da kwamfutar motar, abin da ke sa shi tsada. Idan motar na tafiya kuma tana da daraja, yanka makullin na iya ƙara abin da ƙungiyar za ta samu. Idan ta mutu murus, ɓarnar kuɗi ce.

Nawa ne ke isa ga mabuƙata?

Ba duk tallan “ba da motarka sadaka” ba ne ke fitowa daga ƙungiyar agaji. Da yawa kamfanoni ne ƴan tsakiya, su ja motar, su sayar, su cire kuɗin talla da na ja da ladansu, su miƙa ragowar. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya bi sawun motoci 54 da aka ba da sadaka. A kashi biyu cikin uku na motocin, abin da ya isa ga ƙungiyoyin bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar da masu motocin suka rubuta a takardun harajinsu ba.

Bayan wannan rahoto aka yi dokar 2004 da ta fara aiki a 2005. Tun daga lokacin, idan ƙungiya ta sayar da motar sama da dala 500, kuɗin da aka sayar da ita kawai mai bayarwa zai iya cirewa daga kuɗin shigar da ake yi masa haraji a kai. Ƙungiyar za ta ba shi fom 1098-C ko makamanciyar shaida cikin kwana 30 da sayarwa, shi kuma ya haɗa da fom 8283. Idan an sayar da ita dala 500 ko ƙasa da haka, yana iya rubuta darajarta ta kasuwa muddin ba ta haura 500 ba. Ana barin cikakkiyar darajar kasuwa ne idan ƙungiyar ta yi aiki da motar da kanta, ko ta yi mata babban gyara, ko ta ba wani mabuƙaci. Wannan rangwame kuma na wanda ke lissafa abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya ne a takardar harajinsa; mai karɓar rangwamen gama-gari ba ya ƙaruwa da komai.

Kafin a miƙa mota, a duba sunan ƙungiyar a shafin hukumar haraji ta IRS, a tabbatar tana ƙarƙashin sashe na 501(c)(3). Masallatai da coci-coci doka ta ɗauke su a wannan sahu ko da sunansu bai fito a jerin ba. A kuma tambaya kai tsaye: cikin kuɗin motar, nawa ne zai shiga asusunku?

Ranar da za a ɗauke ta

Kada a sa hannu a bar gurbin sunan mai karɓa babu komai. A rubuta sunan ƙungiyar ko wakilinta, a ɗauki hoton takardar gaba da baya, a karɓi rasit daga direban janwe. Idan an bar gurbin a buɗe, motar na iya ci gaba da yawo da sunan tsohon mai ita, tara da haɗari duk su biyo shi. A Kalifoniya ana sanar da ofishin motoci cikin kwana 5 cewa mota ta bar hannun mutum. A New York da Karolina ta Arewa kuwa sai an cire lambobin motar an mayar wa hukuma kafin a soke inshora. Wanda ya fara soke inshora na iya shan tara.

Ga mazauna Faransa

A Faransa kart giris ce takardar da ake nema. Idan ta ɓata, ta intanet ake neman madadinta a shafin hukumar ANTS, tun da aka rufe tagogin wannan aiki a ofisoshin lardi a ƙarshen 2017. Kyauta da sayarwa duk hanya ɗaya suke bi: a cike takardar miƙa mota, a fitar da shaidar cewa babu jingina ko hani a kanta wadda ba ta kai kwana 15 da fitowa ba, a ja layi a kan kart giris a rubuta rana da sa hannu, sannan a sanar da hukuma cikin kwana 15. Idan mutum ne zai karɓa kuma motar ta wuce shekara huɗu, sai da takardar duba lafiyar mota da ba ta wuce wata shida ba. Akwai garejojin taimakon al'umma da ke karɓar motoci su gyara su sayar da araha ga masu ƙaramin ƙarfi. Motar da ba ta tafiya kuwa, doka ta hana a ba wa wani mutum ko da don ya ciri kayan gyara. Cibiyar rusa motoci mai lasisi ake kai ta.

Me ya shafi masu saye a nan gida?

Wani zai ce ai gara a turo motar gida a ba ɗan uwa. Wannan ma ba ya yiwuwa ba takarda. Kwastam ta Amurka na buƙatar a gabatar mata da ainihin takardar mallaka aƙalla sa'o'i 72 kafin a fitar da mota daga ƙasar. Motocin sadaka da dama a manyan wuraren gwanjo irin su Copart da IAA suke ƙarewa, inda dillalan da ke sauke kaya a Kwatano da Lome da Tema da Duwala ke saye. Don haka idan aka yi maka tayin mota ƴar Amurka da arha aka ce takardarta “tana hanya”, ka nemi lambar nan mai 17 ka gwada ta da wadda ke jikin motar da ta takardun duwan. Rundunar Interpol tana da rumbun bayanan motocin sata, kuma motar da aka samu a cikinsa ana iya ƙwace ta daga hannun wanda ya saya, ko da bai san komai ba.