Horon Zuci a Filin Dambe da Gonar Gayya

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda masara da dawa da auduga da waken suya ke riƙe da arzikin jama'a, wasannin ƙarfi sun saba farfaɗowa ne da kaka, domin sai amfanin gona ya shiga rumbu samari kan sami sukunin dambe da kokawa, 'yan kallo kuma su sami abin yi wa gwaninsu kari. Duk wanda ya daɗe yana zuwa fili ya san cewa ba kullum mai kaurin damtse ke yin kisa ba, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, domin sau da yawa ƙaton da ake tsoro kan faɗi a hannun wanda ya fi shi natsuwa da sanin lokacin sakin hannu. Wannan natsuwa da ƙarfin hali ana iya koyonsu kamar yadda ake koyon naushi, kuma koyon nasu shi ne horon zuci.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sa ido a kan lamarin. A 1898 Norman Triplett na Jami'ar Indiyana a Amurka ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan suna tare da abokan hamayya fiye da idan kowa na gudu shi kaɗai. Manomin Bakori ko Kafur ba ya bukatar a fassara masa wannan, domin a ranar gayya, lokacin da samarin gari suka jeru a kunya ɗaya ɗaya, mai gangar noma na bin su yana kiran sunan kowa da na ubansa, saurayin da kan gaji kafin hantsi a gonarsa yakan kai azahar bai miƙe ba. Garmar ba ta canza ba, jikin ma shi ne na jiya; abin da ya ƙaru shi ne idon jama'a da kiɗan da ya ɗauke masa hankali daga ciwon baya.

Haka abin yake ga kirari, wanda wasu ke ɗauka cika baki ne kawai. Ɗan damben da ya ɗaure hannu da zare, ya fito tsakiyar fili kalangu na tashi, yana lissafa mazajen da ya kashe da garuruwan da ya yi wasa, yana tsorata abokin gaba, amma kafin nan kansa yake tuna wa abin da ya taɓa iyawa. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana a 1977 cewa yarda da iyawar kai, wato sakankancewar mutum cewa zai iya wani aiki takamaimai, tana samuwa daga ganin na kusa da shi ya yi nasara, da ƙarfafawar baki, da yadda yake fassara bugun zuciyarsa, amma tushenta mafi ƙarfi shi ne nasarar da ya riga ya samu da hannunsa. A nan ne hikimar kirari take, kuma a nan iyakarsa take. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago sun yi tasiri ne saboda akwai kisa na gaske a bayansu, haka ma Bakandamiyar Mamman Shata, wanda ya yi zama mai tsawo a Funtuwa, ta karɓu ne saboda mai ita ya riga ya cika fage. Yaron da ya ari kirarin manya bai yi atisaye ba, turmin farko zai tona masa asiri.

Wannan ne ya sa ya kamata a yi hattara da masu cewa kyakkyawan zato kaɗai ya isa. Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Gabriele Oettingen ya nuna cewa mutumin da ya nutse cikin mafarkin nasara yakan rage himma, kamar zuciyarsa ta ɗauka an riga an gama. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya hango burinsa, sa'an nan ya dubi abin da zai tare shi ido da ido, ya yanke tun da wuri cewa idan kaza ya faru zai yi kaza. Ɗan dambe kan tsara yadda zai yi idan aka riga shi kai naushi, ya ja da baya, ya ɗaga hannun kariya, ya sauke numfashi a hankali, tun da fitar da numfashi sannu sannu na rage gudun zuciya. Manomi ma kan yanke tun kafin shuka abin da zai yi idan ruwa ya ɗauke bayan tsiro, ko tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016 ta sauka gonarsa, ko taki ya yi tsada. Malamai sun daɗe suna koyar da cewa tawakkali yana zuwa ne tare da riƙo da sababi, kuma a yankin da rashin tsaro ya hana mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume zuwa gonakinsu na nesa shekara da shekaru, rarrabe abin da ke hannun mutum da wanda ba ya hannunsa ya zama hanyar tsare hankali kanta.

Abin takaici shi ne gurbin wannan horo yanzu ƙwaya ke neman cike shi. Matasa da dama a fili da gona suna shan tiramadol don kashe tsoro da gajiya, alhali tsoro madaidaici shi ke sa ɗan wasa ya farka, gajiya kuma saƙo ce da jiki ke aikowa. Wanda ya toshe su ya rasa ma'aunin da zai gane lokacin kai hari da lokacin janyewa, ga haɗarin farfaɗiya da kamuwa da jarabar ƙwayar a kansa. Iyayen gidan 'yan dambe da masu horar da ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni su ne suka fi kowa damar gyara wannan, ta hanyar haɗa yaro da abokin karawa daidai shi kafin a kai shi ga manya, da zama da shi bayan ya sha kaye a warware masa inda ƙafarsa ta goce, maimakon a bar shi da dariyar 'yan kallo.