Me ya sa masu bincike ke ƙirga ƙauyuka, ba yara kaɗai ba?

Daga 2012 zuwa 2016, gundumomin lafiya na Pitowa da Garwa da Mayo Ulo suna cikin wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Kamaru da Benin da Kenya da Sudan da Indiya. Tambayar ita ce: gidan sauro mai magani yana kare yara har yanzu, alhali sauro ya fara jure wa maganin? Sakamakon da ya fito a 2018 ya ce e, yana karewa. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka ba da lissafin: yara kusan 40,000, a rukuni 279 na ƙauyuka da unguwanni. Me ya kawo lamba ta biyun?

Duk malamin makaranta ya san amsar ko bai san sunanta ba. In sakamakon jarrabawar CEP ya fito, za ka ga wani aji ya ci kusan gaba ɗaya, wani ya zube gaba ɗaya. Malaminsu ɗaya, allonsu ɗaya, ranar da ruwa ya hana zuwa makaranta duka ya hana. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Haka yaran ƙauye ɗaya: fadamarsu ɗaya, sauronsu ɗaya, asibitinsu ɗaya. Yaro na biyu da ka gwada a ƙauyen, rabin labarinsa ka riga ka ji a bakin na farko.

Wannan kamanni yana da awo, ana taƙaita sunansa ICC, daga 0 zuwa 1. In 0 ne, kowane yaro shaida ne mai zaman kansa. In 1 ne, ƙauye duka bakinsu ɗaya. Mu ɗauki misali irin na allo: ƙauye 10, kowanne yara 40, awon kamanni 0.05. A cire 1 daga 40, saura 39, a ninka da 0.05, a ƙara 1, ya ba da 2.95. A raba 400 da shi. Yara 400 sun koma kamar 136! Lambar da ka raina ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na shaidarka.

To, inda gizo ke saƙar shi ne amsar da ba ta wuce e ko a'a: yana da cutar ko ba ya da ita, yana raye ko ya rasu. Da tsawo ko nauyi ne, da sauƙi. Amma a nan awon kamannin yana ɗaure da yawan cutar kanta. Lambar da aka samu a watan Satumba, lokacin da zazzaɓi ya cika gidaje, ba lallai ta yi aiki a watan Maris ba, balle a ɗauko ta daga wata ƙasa a liƙa wa Pitowa. Hanyoyin lissafin ma sun bambanta, kuma kan bayanai iri ɗaya kowace na iya ba da tata lambar, musamman in ƙauyukan kaɗan ne. Shi ya sa a ganina binciken ƙauye 6 mai yara dubbai bai kai na ƙauye 60 mai yara kaɗan-kaɗan ba, duk da cewa na farkon ya fi daɗin faɗa a rediyo.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga misalin. A gwajin MORDOR, an jefa ƙuri'a tsakanin garuruwa 1,533 a Nijar da Malawi da Tanzaniya: wasu a ba ƙananan yaransu maganin azitiromaisin sau biyu a shekara, wasu a ba su mai kama da shi wanda ba magani ciki. Gari ne ke shiga ƙuri'a, ba yaro ba. Mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 gaba ɗaya, a Nijar kuwa, a jihar Doso, kashi 18.1. Da garuruwa ashirin aka yi, da wuya a bambance aikin magani da sa'ar gari.

Namu na Pitowa ba na ƙuri'a ba ne, bin yara aka yi ana duba mai kwana cikin gidan sauro da wanda ba ya kwana, amma matsalar rukuni tana nan daram. Tun 2004 ƙa'idar CONSORT ta rubuta rahoton irin waɗannan gwaje-gwaje ta nemi a riƙa buga awon kamannin a fili, don mai shirya bincike na gaba ya san ƙauye nawa zai nema kafin ya tambayi kuɗin mai.