Ka Jefa Taru Ta Hannun Dama

Karatu: Yahaya 21:1-14



Almajirai bakwai sun kwana suna su a Tekun Tibariya, ko kifi ɗaya ba su kama ba. Da gari ya waye, Yesu ya umarce su su jefa taru ta dama da jirgin. Bai ba su sabon jirgi ba, bai kai su wani teku ba. Faɗin jirgi kaɗai ke tsakanin hagu da dama, amma suka jawo manyan kifaye 153.

Yawancinmu a wuri ɗaya muke ta faɗuwa. Mutum ya yi alkawari da hawaye zai bar burkutu, amma kowace ranar kasuwa ta ƙofar gidan giyan nan yake komawa gida. Faɗuwarsa ba a bakin ƙwarya ta fara ba, tun a mararraba ta fara. In ya bi wata hanya, ko ya taho tare da wani ɗan'uwa mai bi, jarabar ta rage ƙarfi.

Ɗan'uwana, ka tambayi kanka: wane lokaci, a ina, tare da wa na saba faɗuwa? Ka sāke abu ɗaya a ciki yau. In mako biyu suka wuce kana tsaye, kada ka raina, aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Da tarun ya cika, almajirin da Yesu yake ƙauna ya lura, ya gane Ubangiji ne. Kai ma ka lura, ka gode.

Ubangiji ya nuna mana hannun damanmu. Amin.