Gajeren Bango a Cikin Banɗaki

A unguwar Nassarawo da ke Mubi, kamar a sauran garuruwan Jihar Adamawa, za ka tarar da gidajen da wurin wanka da masai suke cikin ɗan ɗaki guda. Idan mutum ya yi wanka, ruwa kan fantsama ko'ina, wanda ya shiga bayansa kuwa yana iya zamewa. Maganin wannan shi ne a gina gajeren bango siriri a tsakani. Yana tare ruwa, amma ba ya hana iska da haske wucewa ta samansa.

A Amurka da katako ake kafa irin wannan bango. A nan kuwa gara da danshi ba sa barin katako ya daɗe, shi ya sa magina suka fi son bulo. Kaurin bulo mai inci 9 ya kusa santimita 23, na inci 4 kuwa santimita 10 ne kawai. Idan ka zaɓi na biyun, ka tsira da santimita 13, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ɗakin da faɗinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Jeri biyar na bulo zai ba ka tsayin da ya kai kimanin mita 1.2.

Sai dai ka lura, siririn bango ba shi da nauyin da zai tsaya da kansa. Saman sa a sake yake, gefe guda ma haka. Tsoho zai dafa shi, yaro zai hau kansa. Ƙarfinsa yana cikin yadda aka ɗaure shi ne.

Da farko, magini zai cire tayil, ya sassaƙe daɓen wurin, domin siminti ba ya kama abu mai santsi. Sannan ya huda tsohon bango, ya cusa guntayen rodi, ya kwantar da su cikin kwaɓin siminti bayan kowane jeri biyu. A ɗaya gefen zai kafa rodi a cikin daɓe, ya zuba kankare ya zama ɗan ginshiƙi. Daga ƙarshe ya zuba siririn kankare a sama, ya haɗe ginshiƙin da tsohon bango.

Kwaɓi mai kyau shi ne kwano ɗaya na siminti da kwano huɗu na yashi mai tsabta. Kada ka yarda a rage siminti don arha, gama masu iya magana sun ce arha ba ta ado. Bayan an gama, ka riƙa yayyafa wa bangon ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Iskar hunturu da zafin bazara na Mubi sukan busar da siminti tun bai yi ƙarfi ba, sai ya tsattsage.

Kafin a manna tayil, ka zuba ruwa bokiti ɗaya a wurin wanka, ka ga inda ya nufa. Idan ya bi magudana, aiki ya yi. Idan ya kwanta a gindin bango, sai a gyara gangaren daɓen tun magini bai tattara kayansa ba.