Tafinta ko Dillali? Matsayin Mai Shiga Tsakani a Fim ɗin Kapringen

A shekarar 2012 Tobias Lindholm, ɗan ƙasar Danmak, ya fitar da fim mai suna Kapringen, wanda ke ba da labarin jirgin dakon kaya, Rozen, da ƴan fashin teku na Somaliya suka kame a tekun Indiya. Harbe-harbe kaɗan ne a cikinsa; mafi yawan abin da mai kallo ke gani ciniki ne ta wayar tarho tsakanin jirgin da hedikwatar kamfani a Danmak, na tsawon watanni. Wannan ya sa fim ɗin ya cancanci kulawar ɗalibin harshe.

Harsuna uku ne ke aiki a labarin. Shugaban kamfanin, Peter, da mutanensa suna shawara da harshen Danmak, ƴan fashin suna magana da Somaliyanci, cinikin kuma da Ingilishi ake yin sa. Mutum ɗaya ne ke riƙe da gadar da ta haɗa ɓangarorin, wato Omar, wanda ke nanata cewa shi ba ɗan fashi ba ne, mai isar da saƙo ne kawai.

Don auna wannan iƙirari, muna iya aron rabe-raben da Erving Goffman ya yi a littafinsa Forms of Talk na 1981. Ya nuna cewa abin da muke kira "mai magana" ya ƙunshi matsayi uku: mai furta kalmomi, mai tsara su, da kuma mai maganar na asali, wanda alhakinta ke wuyansa. Omar yana da'awar matsayi na farko kaɗai. Amma shi ne ke zaɓar lokacin kira, shi ke miƙa wa Mikkel, mai dafa abincin jirgin, waya domin muryarsa ta karya zuciyar masu sauraro, shi kuma ke katse layi. Wanda ke da ikon yanke abin da za a ji da abin da za a ɓoye ya wuce mai furtawa.

Mai karatu daga Madawa, Buza ko Keita ba ya buƙatar ganin teku kafin ya gane irin wannan mutum. A kasuwannin dabbobi na yankin Tawa, inda Bahaushe da Buzu da Bafulatani ke haɗuwa, dillali ne ke tsakani. Mai saye ya taya, a ce masa "albarka", ya ƙara, har a kai ga "na sallama". Kalmar "albarka" a nan ƙin amincewa ce da aka lulluɓe da addu'a, domin kada ciniki ya mutu. Dillali kuwa yakan ce dabba ba tasa ba ce, alhali la'adarsa na rataye da cinikin.

Irin wannan tsari ne a fim ɗin. Ƴan fashin sun yanka dala miliyan 15, Peter ya taya dala 250,000. Bambancin shi ne babu "albarka" a tsakaninsu, babu wata al'adar ciniki da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kanta. Da Peter ya fusata ya ɗaga murya, amsar da ya samu ita ce ƙarar bindiga, sannan layi ya yanke.

Batun bai tsaya a fim ba. Ƙauyukan kudancin Madawa da ke iyaka da jihar Sakkwato sun san garkuwa da mutane, kuma can ma ta waya ake cinikin kuɗin fansa. Ita kanta kalmar "garkuwa" asalinta abin kāre jiki ne a fagen yaƙi, kafin ma'anarta ta faɗaɗa zuwa tsare mutum don neman kuɗi. A asibiti da kotu ma, inda ma'aikaci ke aiki da Faransanci, makomar talaka takan rataya a bakin tafinta.

Saboda haka, ɗalibin da zai kalli Kapringen ya lura da wakilan sunan da Omar ke amfani da su: yaushe yake cewa "su", yaushe kuma "mu"? Wannan tambaya ce ya dace ya tafi da ita kasuwa da zauren shari'a idan ya fita aikin tattara bayanai.